Ƙirar Motoci Gaɓa-gaɓa: Yadda Kayan Ƙaramar Mota Ke Hawa Babba

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin kayan gyaran mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, tambayar da bakanike ya fi yawan yi wa ɗan kasuwa ita ce ko na wata motar zai hau. Amsar wannan tambaya an riga an yanke ta tun shekaru da dama kafin motar ta taka ƙasa, a ofishin injiniyoyin da suka zana ta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dabarar da manyan kamfanonin ƙera motoci suke bi wajen zana mota ta yadda kaya iri ɗaya zai shiga ƙaramar mota da matsakaiciya da babba, tare da nuna inda dabarar take tsayawa, da kuma irin ɓarnar da take jawowa idan aka yi sake.

Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da kalmomi uku. "Gaɓa" na nufin wani rukunin kaya da aka harhaɗa domin aiki guda, kamar inji ko giya ko na'urar sanyaya ɗaki. "Mahaɗa" ita ce wurin da gaɓa biyu suke gamuwa, wato ramukan noti da tazararsu, da bakin bututu, da kan waya. "Tushe" kuwa shi ne ƙasan mota wanda ake ɗora sauran gaɓoɓi a kansa. Hausawa ba baƙin wannan tunani ba ne, domin masaƙin gargajiya yakan saƙa ƙwarya siririya mai faɗi ɗaya, sannan yawan ƙwaryar da aka ɗinke shi ke bambanta zane da babbar riga. Faɗin ƙwarya ba ya sauyawa, adadinta ne ke sauyawa.

2.0 Daga Bindiga Zuwa Mota

Kafin a yi maganar kayan ƙaramar mota su hau babba, sai da aka sha fama kafin kayan mota ɗaya su hau 'yar'uwarta iri ɗaya. A da maƙeri ne ke goge kowane ƙarfe da hannu har ya zauna a mazauninsa, saboda haka in ya karye sai an sake ƙera wani musamman. A shekarar 1785 wani maƙerin bindigogi na Faransa mai suna Honoré Blanc ya nuna wa Tomas Jafasan, wanda yake jakadan Amurka a Faransa a lokacin, cewa ana iya cakuɗa kayan kunamar bindiga masu yawa a ɗauki kowanne a haɗa ya yi aiki. Daga ma'aikatun makamai na Amurka wannan ilimi ya gangara zuwa keken ɗinki da keken hawa, sannan mota.

A 1908 aka yi gwajin da ya kafa tarihi a Ingila. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar ta ɗauki motocin Cadillac guda uku, aka wargaza su ƙarfe-ƙarfe a filin tsere na Brooklands, aka cakuɗa kayan, aka cire guda 89 aka maye gurbinsu da sababbi daga kanti. Da aka sake haɗa motocin uku, kowacce ta yi tafiyar mil 500 lafiya lau. A wannan shekarar kuma Ford ya fito da Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 kafin a daina ta a 1927. Abin lura ga wannan nazari shi ne motar ɗaukar kaya mai suna Model TT da kamfanin ya fitar a 1917. Injinta na ƙaramar motar ne, amma an yi mata casis mai tsawo da kauri, da aksul ɗin baya na dabam mai jure nauyin tan guda. Wato tun farkon al'amari an gane cewa wasu gaɓoɓin suna iya ƙetarawa daga wani girma zuwa wani, wasu kuwa ba sa iyawa.

3.0 Dalilin da Girma Ke Kawo Cikas

Mai karatu zai iya tambaya: me zai hana a zana mota guda, in ana son babba a ƙara wa kowane ƙarfe girma daidai-wa-daida? Galileyo ya amsa wannan tun 1638, ko da yake a kan ƙasusuwan dabbobi da azarar gini ya yi magana. Idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da tsayinsa sau biyu, nauyinsa zai ninku sau takwas, amma kaurin sandar da ke ɗauke da nauyin sau huɗu kawai zai ninku. Shi ya sa ƙafar giwa ba ta yi kama da ta barewa ba. Haka abin yake ga mota. Birki aikinsa shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi, kuma zafin yana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin mota, saboda haka birkin da ya ishi mota mai tan ɗaya zai ƙone a ƙarƙashin mai tan biyu idan ana gangara tsauni. Sifirin da aksul da taya duk wannan hukunci ya hau kansu.

Sai dai akwai abu guda da ba ya girma tare da mota, shi ne ɗan'adam. Direban tirela da direban tasi ƙafarsu ɗaya ce, hannunsu ɗaya ne. Don haka sitiyari da totur da makunnin fitila da agogon gudu da maƙallin kujera ba su da dalilin bambanta. Haka nan kayan lantarki, domin ƙwaƙwalwar da ke lissafin man da inji zai sha ba ruwanta da ko motar doguwa ce ko gajera. Aikin injiniya ke nan: ya raba kayan mota kashi biyu, waɗanda ke bin nauyi da waɗanda ke bin jikin mutum ko wutar lantarki, ya bar na farko su bambanta, ya haɗe na biyu. Abin da zai riƙe duka biyun shi ne mahaɗa. In ramukan notin da ake ɗaura birki iri ɗaya ne, ana iya sa ƙaramin birki ko babba ba tare da an taɓa sauran motar ba.

4.0 Scania da Silinda Guda

Daga cikin kamfanonin da suka daɗe suna bin wannan hanya akwai Scania na ƙasar Suwidin, mai ƙera manyan motocin kaya da bas-bas. Dalilinsa na kasuwa ne. Masu sayen manyan motoci bukatunsu sun sha bamban: mai jigilar katako a daji, da mai tankar mai, da mai tifa, da hukumar kwashe shara, kowa da irin motar da yake so, kuma kamfanin bai kai girman da zai zana wa kowa tasa daga farko ba. Tun 1939 ya fito da injuna masu silinda huɗu da shida da takwas waɗanda suka yi tarayya a kayan ciki, sannan a 1980 ya shimfiɗa tsarin a kan dukkan motar, da jerin da aka sa wa haruffan G, P, R da T.

Ƙa'idojin kamfanin uku ne. Mahaɗa ba ta sauyawa ko da gaɓar da ke bayanta ta sauya. Bukata iri ɗaya magani iri ɗaya ake yi mata, ko a bas ko a tirela. Sannan matakan ƙarfi, daga ƙarami zuwa babba, ana tsara su ne bisa aikin da masu saye ke yi da motar, ba tare da an cika su da yawa ba. Amfanin wannan a lissafi yake fitowa. A ɗauka, alal misali, kamfani yana da inji iri 3, da giya iri 4, da ɗakin direba iri 5, da aksul iri 6. Gaɓoɓi 18 ke nan zai zana ya gwada ya ajiye, amma in kowacce tana hawa kowacce, motoci iri 360 zai iya haɗawa daga cikinsu.

Inji shi ne inda abin ya fi ban sha'awa. Shekaru da yawa Scania yana zana silinda guda ce, da fistin ɗinta da bawul da murfinta na kanta. In aka jera biyar a samu inji mai lita 9, in aka jera shida a samu mai lita 13, in aka jera takwas layi biyu a samu mai lita 16. Bakaniken da ya koyi kwance ɗaya ya koyi kwance duka, ɗan kasuwa kuma ba sai ya cika shago da murfin silinda iri-iri ba. BMW ma ya bi wannan sawu a ƙananan motoci, inda silinda mai rabin lita ke ba da inji mai lita 1.5 ko 2 ko 3, gwargwadon ko uku aka jera ko huɗu ko shida.

Duk da haka, a Scania ɗin ne aka ga iyakar dabarar ƙarara. Silindar da aka zana domin jan tan 40 ta yi wa motar rarraba kaya a cikin gari nauyi. Da kamfanin ya so shiga wannan kasuwa a 2017, bai rage silindarsa ba, sai ya haɗa kai da Cummins na Amurka aka yi inji mai lita 7, wanda ya fi mai lita 9 sauƙi da kimanin kilo 360. A 2021 kuma, da ya sabunta injinsa mai lita 13 domin rage shan mai, ya bar murfi ɗai-ɗai ya koma murfi guda mai rufe silinda shida. Ke nan ko a gidan da aka fi riƙo da tsarin, in ƙa'ida ta ci karo da kuɗin man mai saye, ƙa'idar ce ke ja da baya, kuma daidai ne ta ja.

5.0 Volkswagen da Awo Guda da Ba Ya Motsi

A ɓangaren ƙananan motoci, tsohuwar dabara ita ce a yi tushe guda a ɗora masa bodi dabam-dabam. Ferdinand Piëch, wanda ya karɓi shugabancin Volkswagen a 1993, ya matsa wa wannan hanya lamba, har aka wayi gari Golf da Audi A3 da Škoda Octavia da Audi TT duk a kan tushe ɗaya suke zaune. Amma wannan tarayya ce tsakanin motoci masu girma ɗaya. Polo da Passat kowacce tushenta dabam, injinta ma ba zama ɗaya yake yi ba.

A 2012 kamfanin ya fito da tsarin da ya kira MQB, wanda aka fara gani a Audi A3 da Golf ta bakwai. A nan an ƙayyade abu ɗaya ne da ba a taɓawa, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayoyin gaba da inda totur yake. An kuma ƙayyade cewa kowane inji, na fetur ko na gas, zai zauna a gicciye, a karkace baya da digiri 12. Sauran awo duk an sake su: tsawon mota, faɗinta, tazarar tayoyin gaba da na baya, girman taya, tsayin kujera. Hikimar zaɓen wannan wuri ita ce a cikin wannan 'yar tazara aka cushe kayan da suka fi tsadar zanawa, wato inji da giya da sitiyari da na'urar sanyi da ƙarafan da ke shanye karo. In an gwada wannan sashe sau ɗaya an biya kuɗinsa, bayan mota kuwa tsawaita shi ba wuya. Ta haka Polo mai tsawon mita 4 da ɗoriya da Atlas mai mita 5 da kujeru bakwai suka zama 'yan gida ɗaya, kuma ma'aikata guda tana iya haɗa motoci iri-iri a layi ɗaya. Renault da Nissan sun fito da nasu tsarin, CMF, a 2013, Toyota kuma ya fito da TNGA a 2015.

Sai dai kuma wanda ke biyan kuɗin wannan haɗaka shi ne ƙaramin ɗan gida. Gaɓar da za ta hau mota biyar dole a zana ta da ƙarfin da babbar cikinsu ke bukata, don haka ƙaramar takan ɗauki nauyi da tsadar da ba ta nema ba. Saboda haka ne aka yi wa Polo da takwarorinta wani reshe mai sauƙi da ake kira MQB A0 a 2017, kuma ko wannan ya yi wa kasuwar Indiya tsada, sai da aka sake sassauta shi kafin a fito da Škoda Kushaq da Volkswagen Taigun a 2021. Toyota ma bai yi ƙoƙarin tushe guda ba, ya raba TNGA zuwa rassa gwargwadon girman mota. Tsarin da aka fara da burin mayar da komai ɗaya yakan koma iyali mai 'ya'ya uku ko huɗu.

6.0 Fijo 504

Direbobin Nijeriya sun ga wannan tsari da idonsu tun kafin a sa masa suna. Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, kuma ma'aikatar da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har 2006, fiye da shekara ashirin bayan an daina salun ɗinta a Faransa. Siffa uku aka fi sani: salun, da wagon ta 'yan haya, da a-kori-kura. Daga gilashin gaba zuwa hanci kusan mota ɗaya ce. Bambancin yana baya, inda tazarar tayoyi ta tashi daga mita 2.74 a salun zuwa 2.90 a wagon, aka kuma ƙarfafa wa wagon aksul da sifirin, a-kori-kura kuwa aka sa mata sifirin mai falle-falle irin na manyan motoci. Shi ya sa motar ta yi tsawon rai a ƙauyuka. Ɗan kasuwa mai ƙaramin jari yana iya ajiye lagireto ɗaya da kafireto ɗaya ya biya bukatar ma'aikacin gwamnati da direban tasha da mai dakon hatsi.

7.0 Idan Gaɓa Ta Zo da Aibu

Hatsari na farko na suna ne. General Motors ya ɗauki tushe da bodin Chevrolet Cavalier, mota mai araha, ya sa mata kujerun fata da tambarin Cadillac, ya fitar da ita a matsayin Cimarron ta shekarar 1982 da farashi mai tsada. Masu saye ba su ruɗu ba, aka daina ta a 1988, kuma har yau ana buga misali da ita. Darasin da sauran kamfanoni suka ɗauka shi ne a yi tarayya a abin da ido ba ya gani, a bambanta abin da mai saye ke gani yana taɓawa.

Hatsari na biyu ya fi muni, domin ya shafi rayuka. Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari, kuma gaɓa ɗaya mai aibu takan bi duk motar da aka sa ta. A watan Janairu na 2010 Toyota ya kira motoci kimanin miliyan 2.3 a Amurka domin gyaran totur da ke maƙalewa, kuma iri takwas abin ya shafa, tun daga Corolla har zuwa Tundra da Sequoia, manyan motocin da ba wanda zai zaci suna da abin haɗi da Corolla. Jakar iskar kamfanin Takata, wadda sinadarin cikinta ke lalacewa saboda zafi da laima har ta fashe ta watsa ƙarfe a fuskar direba, ta sa an kira kimanin guda miliyan 67 a Amurka kaɗai, daga kamfanonin mota 19, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Wannan ya shafi ƙasashe masu zafi da ke sayen motocin gwanjo kai tsaye, tun da takardar kiran gyara ba ta bin mota ta ƙetare teku. Badaƙalar hayaƙin Volkswagen ta 2015 ha'inci ne da gangan, kuma injin da abin ya shafa ya girmi MQB, amma abin da ya sa ta kai motoci kimanin miliyan 11 shi ne inji ɗaya ne aka rarraba wa Volkswagen da Audi da Škoda da SEAT.

8.0 Motocin Lantarki

Motar lantarki ta sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai. Batir shimfiɗaɗɗe ne a ƙasan mota, an yi shi da ƙananan akwatuna iri ɗaya, in ana son doguwar mota mai nisan zango sai a ƙara akwatuna, tamkar ƙwaryar masaƙi. General Motors ya nuna samfurin irin wannan tushe a 2002, Volkswagen kuma ya gina ƙaramar ID.3 da bas ɗin ID. Buzz a kan tushe guda mai suna MEB, har Ford yana sayen wannan tushe domin wasu motocinsa na Turai.

Amma a daidai lokacin da kamfani ke samun sauƙin harhaɗawa, mai gyara yana rasa nasa. Tesla ya fara zuba ƙasan bayan Model Y da alminiyam zubi ɗaya a 2020, inda ƙarfe guda ya maye gurbin kimanin 70 da ake waldawa a da. Wannan ya rage kuɗin ƙira, amma abin da aka zuba wa mota ɗaya ba ya hawa wata. Ga kuma kullen lantarki. A motocin zamani da yawa, ƙwaƙwalwar inji da agogon gaba da rediyo an ɗaure su da lambar motar da suka fito a cikinta. Bakanike zai iya ciro gaɓa daga motar da ta yi hatsari, ramukan noti su dace, kan waya ya shiga daram, amma ta ƙi aiki har sai an jona motar da kwamfutar da ke magana da kamfani ta intanet. Kamfanoni suna cewa maganin ɓarayi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Illa dai mahaɗar da ke yanke hukuncin ko na wata motar zai hau ta tashi daga ƙarfe, wanda kowa ke iya aunawa, ta koma cikin manhaja wadda makullinta ke hannun kamfani da dilolinsa, alhali mafi yawan motocin da ke shiga Yammacin Afirka ba ta hannun dila suke shigowa ba.